Na tarar wata ta riga ni rubuta labarina: in ci gaba ko in goge?

Ummu Nabila:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah iyayena da yayyena, shawara nake nema. Tun bayan ƙaramar Sallah nake rubuta wani littafi, shi ne na farko da na ɗauka da gaske. Labarin wata yarinya ce 'yar aikatau da aka kawo Kano daga ƙauye, ta sha wuya a hannun matar gida, daga baya ɗan gidan ya dawo daga karatu a waje ya faɗa sonta, uwar ta ce sai dai bayan ranta. Na yi nisa sosai. Jiya ƙawata ta turo min wani littafi da aka gama saki tun bara, wallahi ina karantawa jikina na yin sanyi. 'Yar aiki, ɗan masu gida, uwa mai zafi, har wurin da ake ɗora wa yarinyar satar sarƙar gwal akwai a nata. Ni kuwa Allah ne shaidata ban taɓa ganin littafin ba, ko sunan marubuciyar ban taɓa ji ba. Yanzu in na saki nawa cewa za a yi wankiya na yi, wato na kwafe nata. In goge in nemi wani labarin ne? Abin da ya fi damuna ma, duk labarin da na ƙulla a raina sai in tuna na taɓa karanta mai kama da shi. Anya akwai abin da ya rage ba a rubuta ba?

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam. Hhhh ƙanwata, satar sarƙar gwal? Ai in za a tara littattafan da aka ɗora wa 'yar aiki satar sarƙa sai an kira a-kori-kura. Ci gaba da abinki, ba wanda ya yi rajistar sarƙar.

Ɗan Birni:
Ni dai shawarata ki ajiye shi. Ba don kin yi laifi ba, sai don mutanen nan ba su da adalci. Mutum ɗaya zai ɗauki hoton shafinki ya jera da nata ya watsa a zauruka, kafin ki buɗe baki an gama yanke miki hukunci. Sabuwar marubuciya ba ta da masu tsaya mata. Sunan "ɓarauniyar fasaha" in ya manne wa mutum a littafin farko, har na goma ana tuna masa.

Malam Na Zaure:
Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. 'Yata, tambayarki ta ƙarshe ta girme ki, ta girme ni, ta girmi kakanninmu. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta waƙoƙin Jahiliyya ya san yadda Antaru ɗan Shaddadu ya buɗe shahararriyar ƙasidarsa. Da tambaya ya fara, wai shin mawaƙan da suka gabata sun bar wani gurbi da ba su cike ba? Mutumin da ya rayu kafin bayyanar Musulunci ke nan yake kukan an riga shi. Bai kuma ajiye ba, ya yi ƙasidarsa, ga ta har yau ana biya ta a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato.

Jahizu mutumin Basra, wanda ya rasu shekara ta 255 bayan Hijira, cewa ya yi ma'anoni a zube suke a kan hanya, Balarabe da Ba'ajame, ɗan birni da mutumin daji kowa ya san su. Inda ake gane gwani shi ne wajen zaɓen lafazi da kyan saƙa. Malaman balaga kuma sun ware babi guda a kan satar waƙa. Sun bambanta wanda ya kwashe lafazi da ma'ana ya ce nasa ne, da wanda tunaninsa ya yi karo da na wani ba da saninsa ba. Na biyun ba su kira shi ɓarawo ba. In yadda kika faɗa haka yake, ke ta biyun ce.

Ummu Nabila:
Allah ya gafarta Malam, na gode, wallahi har na ɗan ji sauƙi. Amma maganar Yaya Ɗan Birni ita ce ta hana ni barci.

Ɗalibin Adabi:
Bari in ƙara a kan ta Malam da abin da yake namu na gida. Ƙagaggen labari na boko a Hausa da gasa ya fara, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. A cikinta Ruwan Bagaja ya fito. Abubakar Imam da bakinsa ya faɗa cewa dabarar haɗa mutum biyu suna yi wa juna wayo daga Muƙamar Hariri ya samo ta, inda ake da Abu Zaidu da Harisu. Shi kuma ya yi Alhaji Imam da Malam Zurƙe, ya sa su yawo a ƙasarmu suna rayuwa irin tamu.

Magana Jari Ce kuwa, da ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939, abin ya fi haka. Ɗauko shi aka yi daga Katsina aka kawo Zariya, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Turawa da mutanen Indiya. Akun da ke ba Musa labari don ya hana shi fita daga fada, irinsa na nan a tsofaffin littattafan Indiya da Farisa tun ƙarnoni. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi diddigin labaran da yawa ya gano tushensu, wasu a Alfu Laila, wasu a tatsuniyoyin Jamus na 'yan uwan nan Grimm. Labarin Kalala da Kalalatu da muke dariya da shi tun muna firamare, a can Jamus kuku ce ta cinye kaji biyu na maigidanta ta tsorata baƙo da cewa kunnuwansa za a yanke. Imam ya mayar da su mata da miji. To in littafin da ya fi kowane shahara a Hausa haka aka gina shi, ban ga dalilin da 'yar aiki da sarƙa za su hana mutum barci ba.

Ɗan Birni:
Yawwa, ka kawo ni inda nake so. Ashe ke nan in babba ya yi, a jami'a sai ku ce ya baddala, in ƙaramar yarinya ta ɗauko daga fim ɗin Indiya ku ce ta yi wankiya. Mu da muka karanta littafin a makaranta ba wanda ya taɓa ce mana ga inda aka samo. Mun girma muna zaton daga kansa ya fito da komai. Ina adalcin?

Ɗalibin Adabi:
Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka, ba zan musa ba. Amma duba abu biyu. Tatsuniyar Jamus ɗin nan su kansu 'yan uwan Grimm daga bakin mutane suka tattaro ta, ba ta da mai ita, kamar yadda ba wanda zai kai ƙarar kakarka don ta ba ka labarin Gizo da Ƙoƙi. Fim ɗin da aka yi bara kuwa yana da masu shi, suna raye, sun zuba kuɗinsu. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina, aikin da aka yi wa abin. Karanta Kalala, ba inda za ka ji warin Jamus. Yadda ake karɓar baƙo, yadda mata da miji ke magana, barkwancin, duk namu ne. Shi ya sa aka yi shekaru da dama ba a gane ba. Yanzu ɗauko irin littafin da ake wanko shi daga fim mai dogon zango na Turkiyya ko Koriya. An sa wa jarumin suna Faruk, an sa masa hula, amma yana zaune shi kaɗai da budurwa a gida ɗaya wata shida bisa "auren yarjejeniya", ba uwa, ba gwaggo, ba maƙwabci mai sa ido, ba mai unguwa. Wace unguwa ce wannan a ƙasar Hausa?

Malam Na Zaure:
Subhanallah. Auren da aka yanka wa wa'adi tun wurin ɗauri ai ɓatacce ne a wurinmu. Wannan kuma a wane littafi?

Maman Sadik:
Allah ya gafarta Malam, kar ka so ka sani. Sun fi ƙarfin ƙirga.

Ɗan Birni:
Na ji bayaninka ɗalibi, amma ban gamsu duka ba. "Ya iya ɓoyewa" da "bai iya ɓoyewa ba" shi ne bambancin da ka kawo min.

Ɗalibin Adabi:
A'a. Wanda ya ɓoye, in ka gano asalin sai abin ya zube a idonka. Imam kuwa in ka karanta na Jamus ɗin ka dawo ka karanta nasa, sai girmansa ya ƙaru, don a nan za ka ga abin da ya ƙara da hannunsa. Gwada ka gani.

Anti Hajjo:
Sannunku da muhawara. Na daɗe ban yi magana a zauren nan ba, amma wannan ta taɓo ni. Mu da muka fara rubutu a shekarun 1990, a littafin makaranta muke rubutawa da biro, a kai wa mai tafireta, a buga kashi na ɗaya, sai ya saida sannan a sami kuɗin na biyu. A shagunan Sabon Gari ake baje su, a unguwanni ana ba da haya. Ba irin sunan da ba a kira mu da shi ba. Aka ce adabin kasuwa muke yi, aka ce finafinan Indiya muke juyewa, malaman jami'a suka yi ta fafatawa a kanmu a jaridar New Nigerian shekara da shekaru. Kuma gaskiya jigon kusan ɗaya ne: auren dole, kishi, talaka na son 'yar mai kuɗi. Ɗaruruwan littattafai a kan abu uku.

Amma ki tambayi kanki 'yata, cikin ɗaruruwan nan me ya sa ake tuna wasu aka manta wasu? Ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Miji ya sami kuɗi ya auro wata ya kori uwargida da 'ya'yanta tara. Akwai labarin da ya fi wannan tsufa a garin nan? Kowace unguwa akwai irinsa. Amma ita ta san yadda mace ke ciyar da yara da sana'ar cikin gida, ta san abin da ake faɗa a tsakar gida ranar da aka kawo amarya. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassararsa da Turanci. Indiyar da aka ce muna kwaikwayo.

Ni ba na jin tsoron a ce labarina ya yi kama da na wata. Abin da nake jin tsoro a wurin yaran yanzu daban ne, zan dawo kansa.

Barista:
Kafin Anti ta dawo, bari in faɗi ta ɓangaren doka, don na ga ana haɗa abu biyu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ba ta kare tunani ko dabara tsagwaronta. Abin da take karewa shi ne yadda aka fitar da tunanin, wato rubutun kansa. "Ɗan masu gida ya so 'yar aiki" ba mallakin kowa ba ne. Amma in kika ɗauki shafukan wata, ko kika bi littafinta fage bayan fage da tattaunawar taurarinta kina canza suna kawai, wannan ya shiga haƙƙinta ko da ba kalma da kalma ba ne. Kuma kotu tana duba ko an sami kwafa ne da gaske. Mutum biyu su yi abu mai kama ba tare da ɗaya ya ga na ɗaya ba, ba laifi ba ne.

Haƙƙin yana tabbata ne tun lokacin da aka rubuta, ba sai an yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana karɓar rajista ga mai so, kuma tana da amfani wajen hujja. Na littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Ƙarar irin wannan Babbar Kotun Tarayya ake kai ta. Shawarata ga Ummu Nabila: duk abin da kika rubuta zuwa yau ki tura wa kanki ta imel, ki adana tsofaffin kwafen da ke nuna ranar da kika fara. Kar ki goge komai.

Ɗan Birni:
Barista, kotun da nake magana a kanta ba ta Tarayya ba ce, ta WhatsApp ce. Ita ba ta karɓar imel.

Barista:
Wannan kam ba ni da lasisin tsayawa a gabanta.

Zee Mai Alƙalami:
Ni da aka taɓa yi wa satar gaske bari in faɗa muku yadda take, don wannan na Ummu Nabila ko kusa bai kai ba. Wata ta ɗauki littafina sukutum ta canza sunayen taurari da sunan gari, ta buɗe zauren kuɗi, inda sai an biya ake karatu, tana sayarwa. Yadda aka kama ta, akwai wurin da na yi kuskuren taifin na rubuta sunan ƙanwar jaruma a madadin na jarumar. Ita da ta bi tana canza sunaye da na'ura, sai wannan wurin ya fito da sunan ƙanwar jarumar tawa tsaf a cikin nata, yarinyar da babu ita a ko'ina a littafinta. Masu karatu ne da kansu suka gano suka turo min. Bayan wannan kuma na tarar wata tasha a YouTube tana karanta shi da murya, ko sunana ba su ambata ba.

Abin da nake so in ce wa Yaya Ɗan Birni, masu karatu ba su kai yadda kake zato rashin hankali ba. Matan nan sun karanta littafi ya fi ɗari, sun san 'yar aiki da sarƙa kayan kowa ne. Abin da ke tayar musu da hankali shi ne su ga jimla iri ɗaya, ko zance iri ɗaya a baki iri ɗaya. Masu hayaniyar banza kwana biyu suke yi su koma kan wata.

Ummu Nabila:
Anti Zee, to in yi wa marubuciyar magana in gaya mata tun yanzu?

Zee Mai Alƙalami:
Ni da zan ce ki bari sai kin gama. In kika je yanzu da labari rabi, kin sa mata zargi a rai a banza. Kuma ki daina karanta nata daga inda kika tsaya, kar ya shiga kanki.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina bin zancen tun ɗazu. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne a ce wai labari ya ƙare. Nan wajenmu littattafanku muke karantawa, kuma kusan duka a Kano ko Abuja ko Kaduna suke faruwa, cikin gida mai bene. A 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu, a nan ƙasar Nijar, ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine, waɗanda suka yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni. Labarin na nan a bakin mutane shekara 80, kowa na iya ɗauka, sai Abdoulaye Mamani ya mai da shi littafi a 1980, da Faransanci. Med Hondo ya yi fim da shi a 1986, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987.

Irin wannan nawa ke kwance? Matan da ke tafiya Aljeriya da yara ta hanyar Agadas. Samarin da suka kwarara Jado, can arewacin Nijar, neman zinariya tun 2014, wasu suka dawo da mota wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Rufe iyaka a 2019 da abin da ya yi wa 'yan kasuwa tsakanin Maraɗi da Katsina, dangi ɗaya rabi nan rabi can. Ni ban ci karo da littafin Hausa a kan waɗannan ba, kullum sai soja miskili da ba ya dariya.

Maman Sadik:
Ɗan uwa a bar mana sojanmu, shi ke biyan kuɗin makarantar yara.

Anti Hajjo:
Na dawo. Ɗan Maraɗi ya riga ni rabin maganar. Abin da nake tsoro shi ne yaran yanzu ba sa satar littafi ɗaya, amma daga littattafai kaɗai suke ɗebo komai. Yarinya ta karanta littafin intanet ɗari biyu, in ta zauna rubutu abin da ke kanta shi zai zubo, ba da niyya ba. Shi ya sa ke da waccan kuka haɗu a kan sarƙa. Ba ke kika kwafe ta ba, ba ita ta kwafe ki ba, rijiya ɗaya kuka ɗebo. Ummu Nabila, zan tambaye ki, ki ba ni amsa tsakani da Allah. A ina kika san 'yar aikatau? A littafi, ko kin zauna da su?

Ummu Nabila:
Anti ai a cikinsu na tashi. Gwaggona da ta riƙe ni ita ke kawo su daga ƙauyukanmu tana rarraba su gidaje. Wani lokaci sai su kwana biyar shida a ɗakinmu kafin a zo a ɗauka.

Anti Hajjo:
Ci gaba. Wa ake ba kuɗin aikin?

Ummu Nabila:
Ba a ba yarinyar ko sisi. Ƙarshen wata Gwaggo ke zagawa ta karɓa, ta cire nata kason, sauran ta ajiye. Sai Sallah ko faɗuwar damina in za su gida a yi lissafi a ba uwar yarinya, ita kuma ta sayi kwanuka da katifa tana tara mata kayan ɗaki. Da yake Gwaggo ba ta yi boko ba, ni ke rubuta mata a wani littafi: sunan yarinya, gidan da take, abin da aka biya, abin da aka cire in ta fasa kofi ko ta yi ciwo an sai magani. Akwai masu kuka ranar da aka kawo su, akwai masu kuka ranar da za a mayar da su, sun saba da fanka da shinkafa. Wata an mayar da ita aka yi mata aure, bayan shekara biyu sai ga ta da goyo a ƙofar gidanmu, wai Gwaggo ta sake nema mata gidan aiki, amma kar a gaya wa mutanen garinsu. Kuma gaskiya ban taɓa jin an ce wata ta saci gwal ba. Abin da ake kawo ƙara a kai nama ne a tukunya, ko canjin cefane, ko an kama ta tana shafa man matar gida.

Anti Hajjo:
Innalillahi. Kina da wannan a hannu, ke kika riƙe littafin lissafin da hannunki, kika tsallake shi kika tafi filin jirgi tarar ɗan masu gida? 'Yata, waccan marubuciyar ba ta riga ki komai ba. Abin da ta riga ki dama ba naki ba ne. Wannan da kika zayyana yanzu, yarinya 'yar makaranta tana rubuta an cire naira kaza daga kuɗin sa'arta don ta fasa kofi, suna kwana a tabarma ɗaya, ban taɓa karanta shi a ko'ina ba, kuma na daɗe ina karatu.

Ɗan Birni:
To wannan kam in shi za ta rubuta na janye maganar ajiyewa. Amma ai kun ga ke nan wani littafin ne daban. A ƙarshe dai goge wancan ɗin za ta yi, abin da na faɗa tun farko.

Maman Sadik:
Ku tsaya, kar ku kai yarinya ku baro. Anti Hajjo, da girmanki, amma kasuwar yanzu ba irin taku ba ce. Mu shafukan farko kyauta muke saki, in labari ya kama mutum ya biya ɗari biyar ko dubu ya shiga zauren kuɗi. Matar da ta gama girki da wanki ta kwanta da waya da daddare ba lissafin kofi take nema ba, wahalarta ta ishe ta. So take ta ga an wulaƙanta yarinya sannan Allah ya ɗaga ta ta auri mai gidan sama, uwar miji ta zo tana neman gafara. Sun san ƙarshen tun shafin farko, kuma shi suke biya su gani. Maimaicin da kuke raina shi ne abin sayarwar. Ta saki labarin Gwaggo zalla ta ga ko mutum ashirin za su biya.

Ɗalibin Adabi:
Amma Maman Sadik, duba gasar Hikayata ta BBC Hausa tun da aka fara ta a 2016. Labarin da ya fara cinye ta a kan sansanin 'yan gudun hijira yake. Irin waɗannan labaran na rayuwa su ke kai labari, kuma ana karanta su a rediyo duniya na ji.

Maman Sadik:
Gasa sau ɗaya ake yi a shekara, mutum uku ke tashi da kuɗi, kuma gajeren labari ne da bai wuce kalma 1,500 ba. Data kuwa kullum ake saye. Ba raina gasar nake ba, ni ma ina shiga.

Anti Hajjo:
Ban ce ta cire soyayya ba Maman Sadik, ni ma da ita na ci abinci. Ta bar ɗan masu gidan in tana so. Amma ta tambayi kanta, a gidajen da Gwaggo ke kai yara, in ɗan gida ya fara kula 'yar aiki me ke faruwa da gaske? Wa ake fara kira? Gwaggo. Ita kuma me za ta yi, ga amanar uwar yarinya, ga gidan da ke ba ta kuɗi duk wata, ga sauran yara huɗu da ta sa a dangin gidan? Kin ga soyayyar na nan, mai karatunki ta sami abin da ta biya, amma yanzu akwai wadda za ta yi asara ko ta wane ɓangare aka faɗi. Waccan marubuciyar ba ta da Gwaggo a littafinta, na tabbata.

Ummu Nabila:
Babu kam Anti. A nata yarinyar kawai gani aka yi ta iso gidan.

Maman Sadik:
To in haka ne da sauƙi. Amma dai a ƙarshe su yi aure, ina roƙo.

Anti Hajjo:
Wannan ita da alƙalaminta.

Malam Na Zaure:
Akwai abin da ban ji an taɓo ba. 'Yata, wannan baiwar Allah ita ta riƙe ki, kuma yaran nan amana ce, sirrinsu kika gani saboda an yarda da ke. Wadda ta dawo da goyo ta ce kar mutanen garinsu su ji. In kika rubuta yadda duk wanda ya san gidanku zai ce ai wance ce, kin tona asirin da aka ba ki ajiya, kuma kin ci naman mai riƙonki. Ki ɗauki yadda abin yake gudana, ki bar mutanen. Ki canza gari, ki canza kamanni, ki haɗa halin mutum uku a jikin ɗaya.

Barista:
Malam ya yi gaskiya, ta fuskar doka ma haka ne. Canza suna kaɗai ba ya isa in har waɗanda suka san mutum za su gane shi ake nufi, ana iya ƙarar ɓata suna a kan haka. Kuma sa ƙananan yara aikatau a gidan da ba na danginsu ba abu ne da doka ta hana, saboda haka ki yi hattara da duk abin da zai nuna gida ko mutum na gaske.

Ummu Nabila:
Gwaggo ta daina tun da ƙafa ta matsa mata, amma tana nan da ranta, kuma 'ya'yanta suna karanta duk abin da na saka. Ko na canza gari za su gane inda na samo. Malam, in na fara zuwa na gaya mata da bakina ta ce ta yarda, ya wadatar?

Malam Na Zaure:
Ta ɓangarenta ya wadatar, in ta yarda da zuciya ɗaya ba don kunyarki ba. Amma yardarta ba ta ɗauke haƙƙin yaran ba, su ba ta da ikon yafewa a madadinsu. Nasu sai dai ki ɓatar da kamanninsu yadda ko uwar da ta haife su ba za ta gane ba.

Zee Mai Alƙalami:
In kin sake babi uku na farko turo min ta gefe in duba miki kafin ki saki. Ki haɗo da tsohon, ina so in ga abin da za a iya tsira da shi a ciki, don ba duka za a zubar ba.

Maman Sadik:
Ni ma a turo min. In na kai ƙarshen babi na uku ban ajiye waya ba, ni zan fara biya.